Ranar Da Jarida Ba Ta Fito Ba

Direban da ke kwasar jarida ne ya fara gani. Ya iso maɗaba'a da sanyin safiya, ya tarar ruwa na malalowa ta ƙarƙashin ƙofar zauren inji. Da aka buɗe, sai ga duk jaridar makon, kwafi dubu uku, an kwance ɗaurinta an jibge a tsakar zaure, an ɗora mata tiyo ya kwana yana zuba. Takarda ta narke ta zama tsumma, tawada ta bi ruwa. Farantan ƙarfen da ake buga shafuka da su ma an lanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya, ba halin a sake bugawa.

Kafin hantsi ya ɗaga unguwa ta gama shari'a ta yanke hukunci. Yaran nan ne masu zanga-zangar ambaliya, in ba su ba wa?

Ai kuwa akwai dalilin faɗin haka. Wata biyu ke nan da ruwa ya ci gidaje ɗari biyu a bakin fadama. Samari da 'yan matan unguwa suka ce damina ta canza hali, gaskiya ne, amma kamfanin da ya cike fadama ya gina rumbunan ajiya shi ya toshe wa ruwa hanya. Suka yi ta kai wa jarida hotuna, jarida ta yi gum, don shafinta na baya tallan kamfanin ne kowane mako. Shi ne jiya suka ɗaure kansu da sarƙa a ƙofar maɗaba'a, suka watsa jan fenti a bango, suka hana motar takarda shiga har awa shida. Wadda ke riƙe da lasifika a gaba, kowa ya gan ta. Auta ce, 'yar Mai-sawu.

Mai-sawu tsoho ne siriri mai yawan kallon ƙasa. A zamaninsa, in an kore shanu ko an fasa shago, shi ake aika wa, ya bi ɓarawo kwana biyu har ƙofar ɗakinsa. Sai kwalta da siminti suka rufe ƙasa, sana'a ta mutu a hannunsa yana ji yana gani. Ambaliya ce ta ɗan farfaɗo da ita, don ta bar laka a ko'ina.

Sufeton 'yan sanda ya tare shi a ƙofar maɗaba'a.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, 'yarka tana hannunmu tun safe."

"Na ji."

"Shi ya sa na ce kai nake so. In bakinka ya ce ita ce, ba mai musu. In ka ce ba ita ba ce, sai ka nuna min wanda ya yi. Gobe da safe zan kai ta kotu."

Mai-sawu ya cire takalmansa ya rataye a wuya. Ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar uwarta.

*

Zauren inji dogo ne, mai warin tawada da kananzir. Ruwa ya ɓata rabinsa, amma ɗaya rabin, daga famfo zuwa ƙofar gefe, ƙurar busasshiyar laka ce kwance lif. A kanta akwai sawun takalman ruwa, irin na roba masu tsawo. Takalman kansu suna nan a jingine da bango, an jera su daidai. Tun ambaliya aka sayo su, kowa na zura ƙafa, saboda haka girmansu bai gaya masa komai ba.

Ya tsuguna ya daɗe. Mutum ɗaya ne, ba taro ba. Ba ya gudu, ba ya sanɗa. Ya je famfo ya dawo sau huɗu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, a tsakiyar fili, inda babu ko tsinke, sawun yakan karkata hagu, ya yi kwana, sannan ya koma kan hanya. Duk sau huɗun haka, zuwa da dawowa.

Ya ɗaga kai ya dubi injin bugu. An lulluɓe shi da tamfol, an ɗaure kusurwa huɗu. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

"Kullum ake rufe shi haka?"

"Wa ya sani," in ji Sufeto. "Zo ka ga wannan."

A bakin ƙofar gefe, ta waje, ga sawun ƙaramin takalmin kambas, da ɗigon jan fenti a gefensa. Mai-sawu bai buƙaci tsugunawa ba. Shi ya kai takalmin wurin mai gyara aka liƙe masa dunduniya, ga tabon facin nan a laka.

"Nata ne," ya ce. "Amma dubi cikinsa. Yayyafi ya huda shi. Yaushe aka yi yayyafi?"

"Jiya da la'asar."

"Yaushe aka gama buga jarida?"

"Bayan magariba."

"To ka gani. Ta taka nan tun jarida ba ta zo duniya ba."

Sufeto ya taɓe baki. "Wanda ya zo da rana ya ga hanya, ai yana iya dawowa. Wannan ba ya fitar da ita, Baba."

Gaskiya ya faɗa, kuma Mai-sawu ya sani.

*

Maigadi ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Wata uku ke nan da kama aikinsa. Da aka matsa, ya yarda bai kwana a wurin ba, matarsa ce ba lafiya.

"Makullin ƙofar gefe fa?"

"Yana bayan tukunyar fulawa, Baba. Kowa ya sani. Har almakashin ofis a nan ake ɓoyewa."

"Yaran zanga-zanga sun sani?"

"Wallahi yaran nan ba abin da ba su sani ba. Sai dai ka ji wani abu." Ya rage murya. "Jiya Edita da maigidanmu, Mai Jarida, sun yi kaca-kaca a sama. Na ji Edita yana cewa gara jaridar ta ƙone da ta fito haka."

Edita yana ofishinsa a bene, tsakanin tebura takwas da babu kowa a kansu. Ya ce da can mutum ashirin ne a ɗakin nan, jarida na fita kullum, kwafi dubu arba'in. Yanzu su uku ne, sau ɗaya a mako.

"Ka ce gara ta ƙone?"

"Na faɗa." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ka san abin da ke shafin farko? Sunayen yaran nan arba'in, da hotunansu, da layin gidan kowa. Daga sama aka aiko, Mai Jarida ya ce a buga. Kanun labari kuma, wai maƙiyan 'yancin jarida."

"Ka hana?"

"Na yi ihu, na buga tebur, sannan na sa hannu. Ina da 'ya'ya biyar." Ya yi dariyar da ba daɗi. "Amma kada ka ɗauka ina bayan 'yarka. Wanda ya ɗaure ƙofar maɗaba'a da sarƙa, bakin jarida ya ɗaure, ko da niyyarsa fara ce tas. Yau su ne da sarƙa, gobe wani ne da bindiga, kuma su suka koya masa hanya."

Da ya tashi raka su, Mai-sawu ya bi ƙafarsa da kallo. Edita yana jan ƙafar dama, tsohuwar karaya. Sawun zaure ba ya ja.

*

A ofishin 'yan sanda, Auta tana zaune a kan benci a bayan kanta, jan fenti bai gama fita daga farcenta ba.

"Baba, ka ci abinci?"

"Ke za ki tambaye ni? Kin koma wurin nan bayan an watse?"

"Ban koma ba. Mu a gaban jama'a muke yi, da rana, fuska a buɗe. In mun ɓata abu a ɓoye, me ya raba mu da su?"

"Edita ya ce kun ɗaure wa jarida baki."

"Bakin da ya rufe kansa? Baba, ruwa ya kai mana wuya a ɗaki, akwatin Inna ya tafi da duk hotunanta, jarida ta buga tallan rumbun ajiya. Wata biyu muna rubuta wasiƙa. Da muka ɗaure ƙofa awa shida, sai ga shi mun samu shafin farko."

Shi ma ya tsamo abin da ya tsamo daga lakar ɗakin nan da hannunsa.

"Kawu fa?" ta ce. "Jiya da muke ƙofa ya fito ya miƙo min ruwa, bai ce min uffan ba. Na san ya ji haushi. Injin nan ai ɗansa ne."

Kawun nata shi ne mai tuƙa injin bugu, yayan marigayiya uwarta. Shekara talatin da huɗu yana zauren nan, har baƙi ya zauna a zanen tafin hannunsa, sabulu ya gaji ya bari. Sunansa na yanka ya ɓace, kowa Tawada yake ce masa.

*

A hanyar komawa Mai-sawu ya tsaya wurin tsoho mai teburin jarida a bakin mahaɗa, ko wani ya ga wani abu.

"Ban ga komai ba," in ji tsohon. "Kai dai ka tambaye ni wa ya nemi jarida yau."

"Wa ya nema?"

"Mutum biyu. Ɗaya tsohon malamin makaranta, ya ce ba komai, ya wuce. Ɗayan mai kifi ne, takardar ƙunshi yake so." Ya kaɗa ƙuda daga teburin. "Da can in jarida ta makara awa ɗaya, sai an kusa kifar min da tebur. Yau an kashe ta ɗungurungum, gari bai ko yi tari ba."

Da ya isa, ya tarar da Tawada yana zaune a kan dakalin maɗaba'a, hannuwa a kan gwiwa.

"Yaya, sannu da wannan abu," in ji Mai-sawu.

"Yauwa. Ka ga yarinyar?"

"Na gan ta. Gobe kotu."

Tawada ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, "Ba su da shaida. Kwana biyu za su sake ta." Ya dubi ƙofar zaure. "Injin dai bai jiƙe ba."

Mai-sawu ya shiga zauren shi kaɗai. Ya je daidai inda sawu yake kwana, ya tsuguna, ya share ƙura da gefen hannu. Siminti ne fili. Ya ƙara sharewa. Sai ga rami ƙarami, cike da laka, girman babban yatsa. Ya matsa gaba, ga wani. Huɗu ne, a kusurwa huɗu, ramukan noti.

Nan take ƙwaurinsa ya tuna kafin kansa. Shekara ashirin da suka wuce ya shigo zauren nan a guje, zai gaya wa Yaya an sauka lafiya, mace aka samu, ya yi karo da ƙarfen injin yanka takarda da ke tsaye a daidai nan. Har yau tabon na ƙafarsa. Injin kuwa bara aka kwance shi aka sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Bai taɓa tsanar idonsa ba sai ranar.

*

Da la'asar ya sa Sufeto ya tara su a zauren: Mai Jarida da babbar rigarsa yana duba agogo, Edita, Maigadi, direba, Tawada, da Auta tsakanin 'yan sanda biyu. Ya riga ya share filin da tsintsiya, ya yayyafa sabuwar ƙura, ya bar tsohon sawu layi ɗaya a gefe ya kewaye shi da alli.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ce. "Kowa ya tashi daga famfo ya je ƙofar can. Shi ke nan."

"Wasan yara za mu yi?" in ji Mai Jarida. "Ga mai laifi nan a tsaye."

"Ranka ya daɗe, taku ashirin ne."

Mai Jarida ya wuce fuu, a miƙe. Maigadi ya bi, a miƙe, yana salati. Direba haka. Edita ya ja ƙafarsa ya ratsa tsakiyar fili. Auta ta taka kan ramukan notin ba ta ko san da su ba.

Saura Tawada. Ya dubi surukinsa, Mai-sawu ya kawar da kai. Har cikin ransa addu'a yake Allah ya sa Yaya ya gane, ya miƙe sambal, a tashi ba a kama kowa ba. Amma in an yi haka, gobe Auta ce a gaban alƙali. Bai san wanne yake roƙo ba.

Tawada ya taho a hankali, kansa a sunkuye, tunaninsa na wani wuri. Da ya iso tsakiyar fili, sai kafaɗarsa ta ɗan noƙe, ƙafarsa ta karkata hagu, ya kewaye abin da babu, ya koma kan hanya.

Sufeto ya dubi sabon sawu, ya dubi tsohon sawun da aka kewaye da alli a gefe. Ba sai an yi masa bayani ba, amma Mai-sawu ya yi, don aikinsa ne.

"A nan injin yanka yake shekara talatin. An ɗauke shi, ƙafar da ta saba kauce masa ba ta ji labari ba. Kuma mai ɓarna ba ya lulluɓe inji kafin ya saki ruwa. Yaya, ka yafe min."

"Kawu?" in ji Auta.

Tawada ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi musu ba.

"Ni na buga ta da hannuna," ya ce. "Ban karanta ba sai da ta fito, na ɗauki ta farko ina duba tawada. Sai ga fuskarki, ta bakwai a layi, da lambar gidanku. Na buga labarin juyin mulki a injin nan, na buga ƙarya iri-iri, na ce ni ba ruwana, inji nake tuƙawa. Wannan kam na kasa. Na ce in ba ta fito ba, ba wanda zai san gidan kowa." Ya juya ga Mai-sawu. "Da na ga abin ya kai kotu, da na fito da kaina. Wallahi da na fito."

Sai Edita ya zauna a kan gwangwanin tawada ya dafe kai.

"Baba Tawada," ya ce a hankali, "ba ka da babbar waya, ko?"

"Me zan yi da ita?"

"Shafin farko, tun kafin ka kunna inji muke ɗora shi a intanet. Haka muke yi shekara uku. Jiya da magariba ya hau." Ya ciro wayarsa ya miƙa. "Mutum dubu sittin sun gani kafin gari ya waye."

Tawada ya karɓi wayar da baƙin hannunsa. Ya nisanta ta da ido, ya matso da ita. Ga fuskoki arba'in a jere, ƙanana kamar ƙwayar wake, ga Auta ta bakwai.

"Amma ai ba a buga ba," ya ce.



Sufeto ya yi gyaran murya. Shi ma ba daɗi yake ji ba, amma takarda na aljihunsa tun rana. Ya ce maganar ɓarnar maɗaba'a an wanke yarinya, ba ita ba ce. Sai dai umarni ya zo a kan mutum arba'in ɗin, tare hanya da ta da zaune tsaye. An riga an ɗauko ashirin da shida daga gidajensu, adireshi ya sauƙaƙa aiki. Saboda haka ba za ta koma gida ba.

"Ka ce in na nuna maka wanda ya yi..." in ji Mai-sawu.

"Na ce, Baba. A kan wancan laifin na ce."

Mai Jarida ya kaɗe rigarsa. Ya ce dama ƙarshen wata ya yi niyyar tsayar da bugun takarda, wannan ya hutar da shi, gobe masu gwangwan su zo su duba babban injin. Ya fita yana amsa waya.

Aka sa wa Tawada ankwa. Ya roƙi a bar shi ya gyara kusurwar tamfol da ta zame, aka bar shi, ya ja ta da hannu biyu a haɗe ya daidaita. Auta tana kuka ba sauti. Da za su wuce ta gaban ubanta ta ce, "Baba, maganinka yana kan taga, kar ka manta."

Mota ɗaya aka sa su, kawu da 'yar ƙanwarsa.

Mai-sawu ya rage shi kaɗai a zauren. Duk rayuwarsa bai taɓa bin sawu ya ɓace masa ba, yau ma bai ɓace ba, kuma ga abin da ya samu. Ya ɗauki tsintsiya ya share sawun Yaya, tsoho da sabo, har ramukan noti huɗu suka fito fili. Sannan ya sauke takalmansa daga wuya ya saka, ya nufi gida inda ba mai jiransa.

A mahaɗa tsoho mai teburin jarida yana naɗe ledarsa.

"An gano wanda ya yi?"

"An gano."

"To mako mai zuwa za ta fito?"

Mai-sawu ya wuce bai ɗaga kai ba. Titin kwalta ne har ƙofar gidansa, ba abin karantawa a kai.